Gemun Magajin Gari

Ranar Talata da hantsi aka aiko wa Orpha Tull cewa Kyaftin Lemuel Hoskett ya cika, ta zo ta yi masa wanka. Ita kaɗai ce mai wankan gawa a garin Pellam. Ta ja tsaki, ta ɗauki sabulu da reza ta fita.

Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana magajin gari. Fitilun titi shi ya kafa su, kurkuku ma shi ya gina. Kowace shekara sai ya hau dandamali da takobinsa, yana shafa gemun nan nasa da ya cinye fuska har gindin ido, yana ba mu labarin yaƙin Meziko. Abokan yaƙinsa kuwa ko ɗaya ba mu taɓa gani ba. Wai duk sun mutu.

Ɗan Orpha, Enos, ya gudo daga yaƙin Kudu da Arewa don ya ga ubansa kafin ya rasu. Aka kamo shi, aka ɗana masa ƙarfe mai wuta a kumatu, tambarin wanda ya gudu daga fagen fama. Bara tari ya kashe shi. Orpha ta durƙusa a ofishin Kyaftin, tana roƙon a binne shi kusa da ubansa.

"Mai wannan tambarin?" in ji Kyaftin. "Ko karena ba zai kwanta kusa da shi ba. A kai shi bayan majema."

Can aka kai shi, inda ake zubar da ruɓaɓɓun fatu. Tir! Ba wanda ya ce uffan, har da mu. Yanzu kuma majalisar gari za ta zauna ranar Juma'a ta mai da maganar nan ta Kyaftin doka, wai don girmama shi. In an yi haka, Enos ya zauna a juji ke nan har abada.

A falon gidan Kyaftin Orpha ta tarar da 'yan majalisa, da wani baƙo mai sassaƙa da bokitin farar ƙasa. Za a kwafi fuskar marigayi a yi masa gunki a dandali.

"Sai an aske gemun, Baba," in ji baƙon yana duban Orpha.

"Wayyo, da ya ji!" in ji matar marigayin tana sharar hawaye. "Wanzami bai taɓa taɓa shi ba. Ni kaina ban san haɓarsa ba."

Orpha ta shiga ɗakin da gawar take ta rufe ƙofa. Ta aske gefen dama tas. Ta juya kansa, ta ja reza sau biyu, sai hannunta ya tsaya.

Ta buɗe ƙofar gaba ɗaya.

"Ku shigo, ranku ya daɗe. Ku gaya mini inda za a binne wannan."

A kumatunsa na hagu, tsohon tabo ne ya fito ɓaro-ɓaro, irin na Enos sak.