A Ɗinka Mini Dare

Tun da wani tauraro ya fashe a farkon damina, dare bai ƙara yin duhu ba. Dawa kuwa sai da duhu take fitar da kai. Ta yi tsawo har ta gaji, babu zangarniya ko ɗaya.

Iya Tabawa ta dire ƙullin baƙaƙen zannuwanta a gaban tela.

"Barau, haɗe mini su. Kunya uku zan riƙa lulluɓewa a gonata kullum da magariba."

"Haba Iya, masana sun ce hasken zai dushe da kansa."

"Yaushe?"

Barau ya jawo ƙullin ya fara kwancewa.

"Irin dawar nan na kakata ne, kuma na ƙarshen na shuka. Ka ninka ɗinkin, ɗan nan. Ko ta hudar allura kada haske ya shiga."