Wadda Take Ce wa Buhu Sannu

"Sannu," in ji Yemima, bayan ta ɗan taɓa buhun yashin da dunƙulen hannu.

Matan zumunta suka fashe da dariya. Jacinta ba ta yi ba. Tsohuwar soja ce, yayar marigayi Azariya mijin Yemima. Ita ta rataye buhun a mangwaron bayan coci a Kafanchan, bayan harin da ya koro su daga ƙauye. Dokarta ɗaya: ba a cewa sannu, ba a cewa sori.

"Matarmu, buhu kike gaisarwa? Wanda zai tare ki a gona, sannu za ki ce masa?"

Citta ta nuna a gonakin da suka baro wajen Fadan Kagoma. Ranar Litinin mata za su je haƙa a ƙungiya, kuma Jacinta ta rantse wadda ba ta iya duka ba, ba za ta shiga motar ba. In Yemima ba ta je ba, cittar Azariya ta ruɓe a ƙasa, 'ya'yanta uku kuma su ci me?

Abin haushin, ƙarfi ba shi ne matsalarta ba. Kai, macen da a da take daka kwanon dawa biyar ba ta huta ba! Amma tun ranar harin ta daina daka. Ko ƙarar turmin maƙwabta ta ji, sai ta toshe kunne. Mata suka ce kewa ce, miji irin Azariya ai dole, mutumin da ko ɗakinsa ba ya shiga sai ya yi gyaran murya a ƙofa.

Da rana tsaka aka kai harin. A bakin ƙofar aka tsince shi da rauni a ka, ita kuma tana zaune ta rungume shi, tana ta ce masa sannu.

Ranar Asabar Jacinta ta gaji. Ta ture buhun gefe, ta tsaya a gaban Yemima, idonta ya yi ja.

"Ni ƙanina aka kashe, ke mijinki. Rufe ido. Kawo mini fuskar wanda ya kashe shi."

Yemima ta rufe ido.

"Kin gan shi?"

"Na gani, Anti."

"To buga! Kada ki ji tausayinsa!"

Ta gyara tsayuwa yadda aka koya mata, ta dunƙule hannu, ta kai naushin da duk ƙarfinta. Mata suka yi ihu. Jini ya ɓalle, haƙori ya faɗi a ƙasa, amma ko inuwar Jacinta ba a taɓa ba.

Bakin kanta ta fasa. Ranar harin ita ce ta laɓe a bayan ƙofa da taɓarya, shi kuma Azariya ya shigo a guje bai yi gyaran murya ba.