Yatsa Biyu

A wurin sayar da matattun motoci, Cedric Plaatjies ya ɗora sandar a kan injin, ya runtse ido ɗaya, ya ja tsaki. Injin ya fi sandar tsawo da yatsa biyu.

"Ba zai shiga ba."

"Haba dattijo, ka ji tsoron Allah," in ji Neville, amininsa tun suna walda tare a masana'antar motoci ta garin Kariega. "Da ni aka haɗa ƙarfen motar nan. Wannan injin daram zai zauna. Mu koma gida mu auna da tef."

"Tef yana lanƙwashewa. Sanda ba ta san ƙarya ba."

Neville ya ƙyale shi. Duk unguwa an san idan Cedric ya kafe, sai dai a kewaye shi.

Shekaru ya kwashe yana haɗa motar a garejin bayan gida. Gangar jikin a kwalaye ya saye ta, sauran duk aikin hannunsa ne: 'yar ƙarama, kujera biyu, ba rufi. Inji kaɗai ya rage. Tunda ba a ɗaukar mota a kafaɗa a yi ta yawo wuraren da ake sayar da matattun motoci, sai ya zare sandar tsohon burushin shara, ya yanke ta daidai da tsawon mazaunin injin. Da zartonsa mai ƙananan haƙora ya yanka, ya goge bakin ya yi sumul.

Duk wannan wahalar saboda Lezanne ce, 'yarsa tilo da ya raina shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta. Tana 'yar mitsitsiya ta zauna a kan taya ta ce, "Baba, a wannan za ka kai ni rawar gama sakandare." Yara kan faɗi magana su wuce, shi kuwa ya riƙe ta gam. Yanzu ga bikin ya matso, ranar da unguwa ke fitowa bakin titi a ga motar da ta ɗauki kowace yarinya.

Ranar da ya yanke sandar, Lezanne ta leƙo garejin. "Baba, ɓacewa za ta yi a cikin tarkacen nan. Kawo in yi mata alama." Washegari ta dawo masa da ita, bakunan biyu ja wur da jan farce. Daɗi ya cika shi. A safiyar nan ko wuƙar burodin da ta ƙi yanka ba ta ɓata masa rai ba.

Asabar bayan Asabar suka yi ta yawo a a-kori-kurar Neville, sandar na kwance a baya. Injin da ya yi daidai da ita sai a tarar ya mutu murus. Mai lafiya kuma sai ya zarce ta. Da Neville ya gaji, ya koma ya sayi injin nan na farko. "Tunda ka ƙi shi, ni ina so. Nawa ya fara hayaƙi."

Lokaci ya ƙure. Da kunya Cedric ya gaya wa 'yarsa, ya kasa haɗa ido da ita. Ta rungume shi. "Ba komai, Baba. Kawun ƙawata zai ara mana mota." Ya shiga gareji ya share hawaye, yana mamakin haƙurin yarinyar nan.

Ranar biki da la'asar wata doguwar farar mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaure ta da ƙyallaye masu launin rigar Lezanne sak. Maƙwabta suka yi ta shewa. Ta ɗaga masa hannu ta tagar, motar ta sha kwana.

Gidan ya yi masa faɗi. Ya koma gareji, ya ɗaga murfin motarsa, ya saka sandar a mazaunin injin don kawai hannunsa ya sami abin yi.

Sandar ba ta kai ba. Ya tura yatsunsa a giɓin, biyu suka shige cif.

An rage sandar. A motar wa take kwana? Wa ya ƙare da injin? Mutumin da suka ci a kwano ɗaya, wanda ya kama masa makarar matarsa! Baƙin cikin da ya ji ya fi na rashin injin nesa ba kusa ba.

Ya tarar da Neville a tsakar gida yana gasa nama.

"A'a, uban amarya! Zo ka..."

"Munafuki!" Cedric ya jefa masa sandar a ƙafa. "Da ka ce kana son injin, da na bar maka. Amma ka yanke min sanda, ka sa na ji kunya a gaban 'yata? Daga yau ba ni ba kai."

Neville ya ajiye cokalin. Ya ɗauki sandar, ya juya ta, ya shafa baki ɗaya da babban yatsa: sumul. Ya shafa ɗayan, ya daɗe yana kallo.

"Shekara nawa muna aiki tare, ka taɓa ganin na yi yanka haka? Wannan ba zarto ba ne, gurzawa aka yi da wuƙa."

"To wa zai..."

Neville ya miƙa masa bakin sandar a hankali, kamar mai miƙa abu mai zafi.

"Duba da kyau, mutumina. Yankan yana ƙarƙashin jan farcen."