Keken da Aka Rage wa Nauyi

Munzali yana cikin kwance wilin baya, baƙon ya ce a cire ƙararrawar ita ma.

Ya ɗago ya dube shi. Shekara goma sha tara yana gyaran keke a rumfarsa ta bakin kasuwar Daura, kuma abin da ya sani shi ne mutane kan zo a ƙara wa keke kaya: madubi, fitila, kariyar da za ta ɗauki buhun gero. Shi kuwa wannan, da ya ce sunansa Jibril, ya zo da kwali ɗauke da wili biyu na alminiyam da sababbin tayoyi irin waɗanda ba a sa musu tif. Ya ce a cire kariya, a cire madigadi, a cire duk abin da ke da nauyi ko yake kwaramniya.

Da ma hankalin Munzali ba a kwance yake ba. A ƙauyensu, can bayan Sandamu, an kwance shanun huɗa a gida uku cikin wata guda, ga damina ta sauka. 'Yan sintiri sun ce lallai akwai mai zuwa da rana ya ga turke ya kai labari, domin da ɗan gari akan ci gari. An ce Baba Sada, tsohon mai bin sawu, ya ga wani abu, amma ya ƙi gaya wa kowa. Wanda aka zarga bara a ƙauyen gaba, gawarsa aka kai wa hukuma.

Duk garin kuwa Munzali ne kaɗai ke fita kullum da safe ya dawo da yamma. Ya lura gaisuwa ta fara gajarta. Matarsa Haulatu ta ce in ta isa wurin niƙa, sai mata su yi tsit.

Ya ɗaura wilin, ya zaunar da tayar, ya ɗura mata wani farin ruwa mai kauri kamar kindirmo. Jibril ya yi masa bayani cewa ko ƙayar aduwa ce ta shiga, ruwan nan zai toshe hujin, mutum bai ma sauka ba. Munzali ya tambaye shi ina zai bi da yake tsoron ƙaya haka. Baƙon ya yi murmushi, ya ce hanyar da ba kowa ke bi ba. Can kuma ya tambaya ko ruwan safiyar yau ya kai ƙauyensu, ya ambaci sunan ƙauyen.

Munzali bai taɓa gaya masa daga inda yake ba.

Ya sunkuyar da kai kamar mai duba birki, ya ƙura wa zanen sabuwar tayar ido har ya haddace shi. Kamar ƙashin kifi yake, layi biyu, da ɗigo-ɗigo a gefe.

Da aka gama, Jibril ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya gyaɗa kai. A al'adar masu gyara, kayan kwance na mai rumfa ne in mai keke bai nema ba, amma Munzali ya ce bari ya ɗaure masa tsofaffin tayoyin, don da sauran ƙarfinsu. In ban da wuri ɗaya a ta baya da aka ɗinke da zaren buhu, lafiyarsu ƙalau. Baƙon ya waiwaya ya dubi keken Munzali da ke jingine.

"Haba, Malam Munzali. Mai gyara guda, tayarsa kamar tafin hannu? Riƙe su, ka huta da faci."

Ya hau ya shige cikin mutane. Ko ƙarar sarƙa ba a ji ba.

Munzali ya daɗe tsaye. Keken da ba ya ƙara, ƙaya ba ta tsayar da shi, mutum ɗaya kan iya saɓa shi ya tsallake darni. Ya ji a ransa Allah ne ya kawo masa abin da zai wanke shi. Ba zai yarda faci ya tsayar da shi a hanya yau ba. Ya kifa kekensa, ya sauya tayoyin cikin sauri, ya rufe rumfa tun kafin la'asar.

Da ya bar kwalta ya kama burtali, ƙasa na da laima, tayoyin kuwa suka riƙe ta sosai. Tafe yake yana shirya maganar da zai faɗa.

Ya tarar da maza sun taru a bayan gidan Suhaibu, wanda aka yi wa satar ƙarshe, wasu da gora, wasu da adda. Sun kewaye wani babban kwano da aka kifa a ƙasa tun kwana uku, aka danne shi da dutse. Munzali ya dira, yana haki, ya yi sallama.

"Jama'a, na ga mutumin. Ya sa sabuwar taya, na kuma san zanenta."

Ba shi suke kallo ba. Baba Sada ya wuce shi a hankali, ya tsuguna a bayan keken, ya bi layin sawun tayar da ido har inda ya ɓace a kwanar burtali. Munzali ya ji wani ya riƙe kan keken, wani kuma ya matso ta bayansa.

"Ɗana," in ji tsohon, muryarsa a sanyaye, "da ma na roƙi Allah kada ya zama kai ne."

Ya yi nuni, aka ture dutsen, aka ɗaga kwanon. Sawun tayar keke ne a ƙarƙashinsa, da tabon ɗinkin zaren buhu a tsakiya, sak irin wanda Munzali ya zano tun daga bakin kwalta har inda yake tsaye.