Gammo Biyu a Kan Tsintsiya

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyar ciyawa, inuwar rumbunmu a Matameye nake tunawa. Wata la'asar ce, gero ya fara nuna. Kakata ta miƙe kumburarrun ƙafafunta tana ɗaure sabuwar tsintsiya da kaba, ni kuwa na hau tsohuwar ina sukuwa a tsakar gida.

Na ce, "Kaka, tawa tashi sama za ta yi."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Da wane fiffike?"

"Gashin zabo zan soka mata."

"Zabo? Ashe a kan danga za ki kwana. Nemi na shamuwa, ita ta san tafiya mai nisa."

Muka zauna muka tsara ta tsaf. Linzami na kaba, gammo a wurin zama don kada ta ci mini cinya, ga ɗan goran ruwa a rataye. Tafi uku ta tashi, guɗa ɗaya ta sauka. Na ce da ita zan kori tsuntsaye daga gonar Baba.

Kaka ta ja kabar da haƙori ta ƙulle. Ta daɗe tana kallon hanyar Dungu, inda ƙanwarta take aure. Damina huɗu ke nan ƙafa ta hana ta zuwa.

Sannan ta ce, "Ki sa gammo biyu, 'yar nan. Ba ni da nauyi."

Yanzu nawa ƙafafun ne suka kumbura. Ga jikata can tana sukuwa a kan tsintsiya, ni kuwa tuni na naɗa gammona.