Tarin Baba Tanimu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A zamanin da na'ura ke gadin waƙoƙi, ba mai rera waƙa a taro sai ta shaida tasa ce. Baba Tanimu, ɗaya daga cikin samari huɗun da suka yi "Ruwan Rake" shekara hamsin baya, ya so ya rera ta a bikin jikarsa. Ya je gaban na'ura ya rera baiti guda.

Na'ura, wadda ta daɗe tana kwaikwayon muryarsa ta ƙuruciya, ta ce, "Ba kai ba ne. Tanimu yana wurina, jiya ma ya yi sabuwar waƙa."

Matarsa Goggo Lantana ta zungure shi. "Malam, yi mata tarin mana."

Ai ranar da aka ɗauki waƙar, gyaɗa ce ta ƙware shi a baiti na biyu. Har yau mutanen gari sai sun yi tari a wurin, sun ɗauka salo ne.

Ya yi tari, na'ura ta ba shi izinin yini ɗaya.

Aka yi biki, tsoho ya rera, dangi suka taya shi tari, amarya ta tare. Tanimun na'ura kuwa yana nan, bai tsufa ba.