Minti Bakwai Daga Aalborg Zuwa Bari

Hajiya Tabawa tana gidan ɗanta Habibu a Aalborg, arewacin Denmark, aka yi waya cewa 'yarta Ummita tana naƙuda a Bari, can kudancin Italiya.

"Kusan kilomita dubu biyu ne, Inna," in ji Habibu da suka isa ƙaramin filin jirgin garin. "Amma a sabon jirgin nan minti bakwai ne."

"Kai Habibu, ji tsoron Allah. Farkon zuwana ƙasar nan, wuni guda muka yi a hanya."

Ta zauna jikin taga ta fara addu'ar tafiya. Sama ta yi baƙi da rana tsaka, taurari suka fito, ƙasa ta lanƙwashe a ƙarƙashinta kamar bayan ƙwarya. Ba ta gama jan carbi ba sai ga teku shuɗi shar.

"Allahu Akbar," ta ce, hawaye na zubo mata.

A ƙofar fita wata ma'aikaciya tana tambayar kowane fasinja sunan mahaifiyarsa. Tabawa ta amsa nan take. Dattijon da ke bayanta ya buɗe baki, amma sunan ya ɓace masa. Aka riƙe hannunsa a hankali aka zaunar da shi a benci, kusa da wasu mutum uku da su ma tafiyar ta sa suka manta sunan iyayensu mata.

Ta isa asibiti ana yanke cibi.

"Inna, har kin iso?" Ummita ta tambaya.

Tabawa ta rungume jaririyar. "Na iso, 'yar nan, na ga ikon Allah. Amma a jirgin ƙasa zan koma."